Neman Wurin Walimar Autarmu

Ni dai har na yi aure na haifi 'ya'yana ban taɓa jin an ce ana neman wurin da za a yi biki ba. A gidanmu na Gaya, in biki ya taso, sai a share tsakar gida, a mayar da awaki bayan rumbu, a aro tabarmi a maƙwabta, mata su cika ciki, maza su zauna a ƙofar gida. Wanda ya samu wuri ya zauna, wanda bai samu ba ya tsaya, kuma ban taɓa ganin wanda ya koma da yunwa ba. Haka aka yi nawa, haka aka yi na ƙannena da suka biyo ni. Sai da aka zo kan autarmu sannan na san wuri ma abin nema ne.

Autar tamu ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta samu miji ɗan asalin Ajingi da ke aiki a Kano. Yaro ne mai kunya, ba ni da abin faɗa a kansa. Yayarsa ce ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, tana aure a Kano, kuma ita ke juya komai na bikin ta ɓangarensu. Hajiya muke ce mata. Bayan an sa rana ta zo gaishe da Innarmu, ta zauna a bakin gado tana fifita da gefen mayafi, ta ce abokan aikin ango da ƙawayenta za su zo daga birni, ba zai yiwu a zaunar da su a tabarma ba, a nemi hol a yi walima a ciki. Ta ce da don ta ita ce a Kano za ta kama, ango ne ya nace sai a gida. Inna ba ta san mene ne hol ba, amma tana jin nauyin surukai, sai ta ce to, ta waiwayo ta dube ni. Ni ce babba, ni ce kuma malamar makaranta da ake ganin ta san gari. Da wannan kallon aka ɗora mini aikin.

Lokacin kaka ne, ana tsakiyar cirar gyaɗa, amma rana na dukan mutum kamar bazara. Wata safiya Hajiya ta sauka daga motar Kano, muka ɗauki shatar adaidaita, muka fara zagaye.

Wurin da na fara kai ta wata makaranta ce mai zaman kanta a gefen gari, don na san suna da babban ɗakin da suke taron yaye ɗalibai. Mai makarantar ya karɓe mu da fara'a, ya yi ta kokawa da kwaɗo kafin ƙofar ta buɗe. Tana buɗewa wani wari mai kauri ya fito ya tare mu, irin wanda yake sauka har maƙogwaro. Jemagu ne suka tare a cikin silin. Kashinsu ya jiƙa shi har ya yi ciki, ta kusurwa ɗaya kuma ya ɓarke, abin ya zubo ya yi tsibi a kan kujeru. Muna tsaye muna jin motsinsu da tsuwarsu a saman kanmu. Mutumin ya ce wannan ba komai ba ne, ana gobe biki zai sa a yi musu hayaƙin barkono su gudu. Na tambaye shi hayaƙin fa, ina zai tafi kafin baƙi su zo? Ya yi dariya ya ce ai fanka za ta kore shi, in an kawo wuta. Na ce ya nuna mini bayin da baƙi za su shiga. Ya nuna mini can bayan ajujuwa da yatsa, shi bai matsa ba. Ban kai ga ƙofar ba na juyo, don abin da ya kamata ya kasance a cikin rami ya riga ya fito yana bin ƙasa, tsutsotsi na yawo a kai. Ko da na dawo Hajiya ta daɗe da komawa cikin adaidaita, ta toshe hanci da hanki.

Daga nan ta ce mu gwada garinsu. Ranar ta dace da kasuwar Ajingi, hanya ta cika da motocin hatsi da amalanken shanu, muka yi ta kutsawa har muka isa wani ɗakin taro na wata ƙungiyar manoma da aka kwatanta mata. Daga waje ginin ba laifi, har da baranda. Mai kula da wurin, wani dattijo mai yawan magana, ya buɗe mana, sai ga buhunan gyaɗa an jera su har kusa da rufi, an bar ɗan lungu a tsakiya da mutum zai bi. Warin maganin ƙwari da aka zuba wa buhunan ya sa idona ya fara ruwa. Ya ce kada mu damu, za a tura buhunan jikin bango a rufe su da yadi mai kyau, amarya ta zauna a gabansu, ba wanda zai gane. Yana cikin wannan bayani na hango wani ɓera a gindin buhu, ya mutu ya kumbura har gashinsa ya fara zuba. Dattijon ya bi idona da kallo, ya sunkuya ya ɗauke shi ta wutsiya, ya wurga ta taga, bai ko katse maganarsa ba. Sannan ya zura wannan hannun cikin wani buhu da ya huje, ya ɗebo gyaɗa ya miƙo mana, wai mu ɗanɗana ta bana. Na ce masa na gode, ina azumi. Ban yi azumi ba ranar, amma har yamma ban iya sa komai a bakina ba.

Na ɗauka Hajiya za ta haƙura a nan. Sai ta ce akwai gidan wani babban mutum da ke neman kujera a zaɓe mai zuwa, an ce yana ba da aron harabarsa. Gida ne ƙato, mai shi yana can Abuja, ba ya zuwa sai da dalili. Wakilinsa ya zagaya da mu. Harabar tana da faɗi, an shimfiɗe ta da bulo, a tsakiya kuma akwai wani kwarmin wanka da ruwan damina ya kwanta a ciki ya zama kore shar, kwaɗi da robobi na iyo a kai, sauro na tashi da rana tsaka. Wakilin ya ce kyauta ne, maigida ba ya karɓar komai a hannun talakawansa. Abin da kawai ake so shi ne a rataya hotunansa a bayan kujerar amarya da ango, a ba wakili dama ya yi ɗan jawabi, yaran maigida kuma su shigo su ɗan yi masa kirari. Yaran nan na gan su a zaure muna shigowa, suna kwance rashe-rashe, idanu jajur, ƙasa duk kwalaben maganin tari. Wakilin ya kuma tambaye ni ko amaryar tana da ƙawaye da yawa, yana wani murmushi yana lasar leɓe. Warin ɓera bai kai wannan murmushin ƙazanta ba. Na ja mayafina na yi waje.

A hanya Hajiya ta ce ita fa gidan ya yi mata, ban da maganar hotunan. Na tambaye ta me ta gani a ciki. Ta gyara zama ta ce, "Malama, katanga na gani da ƙofa. Ni abin da nake nema ke nan tun safe. Wurin da za a sa mai gadi, wanda ba shi da kati ba zai shiga ba. Ba na son a cika mana wuri da masu zuwa da leda a ƙugu, su kunyata mu a gaban mutane."

Mai adaidaita ya rage sautin rediyonsa. Masu zuwa da leda a ƙugu da take faɗa na san su ɗaya bayan ɗaya. Dangin mahaifinmu ne na ƙauyen Balan, da Gwaggonmu, yayar Baba, wadda ta yaye auta ta riƙe ta har ta isa shiga makaranta. Su ne suke zuwa tun ana saura kwanaki su yi surfe, su yi daka, su kwana a bakin murhu. In sun ƙulle ragowar tuwo a leda, jikokin da suka bari a gida suke kai wa. Na so in faɗa mata haka, sai na tuna Inna ta ja mini kunne kada a ji bakina da dangin miji kafin yarinya ta shiga ɗaki. Na haɗiye maganar.

Bayan ɗan lokaci ta kira ni a waya tana murna, wai an samu. Wani sabon wuri ne a bakin titi, in ka fita daga Gaya kaɗan. Muka je da sassafe, don mai wurin ya ce da safe kawai yake samun sukuni. Dogon gini ne ƙwarai, siriri, rufinsa na kwano ya yi ƙasa-ƙasa, tagoginsa dogaye an toshe rabinsu da bulo. An shafe shi da fenti fari da ruwan hoda, ƙasa tayil, ga fankoki a jere, ga janareta, ga katanga da ƙofar ƙarfe. An turara shi da turaren wuta har hayaƙi na tokare ido. A ƙarƙashin turaren na ji wani abu na daban, ɗan tsami-tsami, na tambaya. Mai wurin ya ce sabon fenti ne bai gama bushewa ba. Na ce ina jin kamar kukan kaji ta bayan katanga, ya ce na maƙwabta ne. Hajiya ta harare ni, ta ce ni dai komai sai na samo masa aibu, in na fi son a zaunar da baƙinta da jemagu in faɗa. A nan take ta kama wurin. Ta ba mu katunan gayyatar da ta ga dama, ba su ko kai yawan 'yan ɗakinmu da 'ya'yansu ba. Na ware ɗaya na aika wa Gwaggo.

Ranar biki aka ɗaura aure da hantsi, aka ce walima bayan azahar. Na riga kowa zuwa don in karɓi kulolin abinci. Tun daga titi na san an cuce mu. Ashe wurin gidan kaji ne, rumfuna ne dogaye a jere, mai shi ya yanke ta gaba ya yi mata fenti ya kira ta hol, sauran kuma suna nan cike da kaji a bayan wata 'yar katanga da ba ta kai tsayin mutum ba. Kuma a ranar ne masu noman rani suka zo sayen kashin kajin. Sun jingina babbar mota a jikin katangar, ma'aikata na kwasowa da shebur suna lodawa, ɗanye, yana tururi. Rana ta gasa kwanon rufin, warin da ya shekara yana shiga siminti ya taso ta ƙarƙashin tayil ɗin, wanda ke waje kuma iska ta turo shi ta tagogi. Na nemi mai wurin in roƙe shi a dakatar da lodin, aka ce ya tafi Wudil, wayarsa a kashe. Direban motar ya ce shi ba ruwansa da biki, dole ya tashi kafin magariba.

Ƙudaje kuwa ban taɓa ganin irinsu ba, manya, koraye, masu nauyin tashi. Ana buɗe kular farko suka sauka a kan shinkafar kamar an yafa mata baƙin mayafi. Fankokin ba abin da suke yi sai juya warin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Janareta kuma an ajiye shi dab da ƙofa, hayaƙinsa na shigowa yana haɗuwa da turarukan da baƙin Kano suke ta fesawa. Ƙawayen Hajiya sun zauna cikin leshi da gwala-gwalai, kowace da hanki a hanci. In mai hoto ya zo gabansu sai su sauke hankin su yi murmushi, yana wucewa su mayar. Abincin da muka kwana biyu muna wahalarsa, su ɗan tsakura su tura ƙarƙashin kujera. Kafin la'asar ƙasa ta cika da shinkafa da ƙasusuwa da lemon da ya zube, takalmi na mannewa in ka taka.

Ina cikin kore ƙuda daga kan nama wata ƙanwata ta zo ta ce in fito, ga su Gwaggo a waje an hana su shiga. Na tarar da su a bakin ƙofar ƙarfen, mata cike da bayan a-kori-kura sun sauko, sun sha ankon da suka haɗa kuɗi suka ɗinka, da ƙoren fura da nono a ka. Wasu ƙarti biyu da Hajiya ta ɗauko sun gicciya sanda a ƙofa suna cewa kati. Gwaggo ba ta zo da nata ba. Ta ce ta ga yana da kyau, da sunan yarinyar da ruwan zinare, sai ta adana shi a cikin kwalla, ba ta san da shi ake shiga ba. Ɗaya daga cikin ƙartin ya sa bakin sandarsa ya ture ƙwaryar wata matar ƙanin Baba, wai ta matsa baya, nono ya fantsama a zaninta.

Na koma ciki na jawo Hajiya gefe. Ta saurare ni tana duban wayarta, sannan ta ce, "Tsohuwar ta shigo, ba damuwa. Amma in kika buɗe ƙofar nan, Balan ce gaba ɗaya za ta shigo."

Na ce, "Hajiya, Balan ɗin gaba ɗaya danginmu ne. Kuma wurin da kike tsare musu, ko kajinsu ba sa kwana a irinsa."

Ta ce in ji da baƙina ta ji da nata, ta juya. Muryata ta riga ta fara tashi, mutane sun fara waiwaye. Da na fito Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, ba a faɗa ranar auren ƙanwa. Kai ni in sa mata albarka in fito."

A bakin ƙofar ɗakin ta tuɓe takalmanta kamar yadda ta saba in za ta shiga ɗakin mutane. Na ce ta mayar, ta ƙi. Haka ta taka wannan ƙasa mai danƙo da ƙafarta, shinkafa na liƙewa a tafinta, har gaban amarya. Auta na zaune a wata kujera mai kama da gadon sarauta, hoda ta narke tana gangarowa wuyanta, ƙudaje na sauka a kan lallenta, ango na ta kore su da katin gayyata, kansa a ƙasa don kunya. Gwaggo ta dafa kanta ta yi mata addu'a, sautin kiɗa bai bari ko ni da ke kusa na ji ba. Auta ta riƙe gefen mayafina ta raɗa mini cewa in nemo mata lemon tsami, amai take ji. Ban samu ba. Na ba ta ɓawon lemon zaƙi ta riƙa shinshinawa.

Da na fito da Gwaggo, ni da ƙannena muka kinkimo kuloli biyu da ba a buɗe ba, muka bi ta gaban masu sandar, ba wanda ya tare mu. Matan sun koma ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a tsallaken titi, amma har can warin yana kai musu. Ba wadda ta iya ci. Suka ƙulle abincin, suka ba ni furar suka ce a kai wa Inna, suka hau motarsu tun rana ba ta faɗi ba. Gwaggo ta zauna a gaba tana goge tafin ƙafarta da ganye. Ni ma ban koma ciki ba sai da aka tashi, don kwashe kwanukanmu.

Kayan da na sa ranar sai da na wanke su na sake wankewa, na shanya, na turara, duk da haka in na buɗe akwati sai in ji kamar yana nan. Daga baya na bayar da su. Inna kuwa da aka ba ta labarin ƙofa, washegari ta sa aka kai ta Balan ta wuni.

Da hotuna suka fito auta ta turo mini su a waya. Farin bango, furannin roba, fitilu masu launi, mata cikin leshi suna murmushi. Mai hoton ya goge ƙudajen tas. Hajiya ta baza su ko'ina, har wata abokiyar aikina da ke shirin aurar da 'yarta ta gani, ta same ni a ofishin malamai ta ce in kwatanta mata wurin. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, da kajin, da motar taki, da abin da ƙafar Gwaggo ta taka. Na ce in ba ta yarda ba ta je da rana tsaka, kada ta je da safe. Ta saurara tana yamutsa fuska, ta ce tir, sannan ta sake buɗe hoton ta ƙura masa ido. Ta tambaye ni ko ƙofar tana kulluwa da kyau, don dangin mijinta suna da yawa.

Ta kama wurin. Da katin ya zo na aika mata da gudummawata ta hannun wata malama, na ce a gaya mata ina da uzuri.